Dami Biyu Daga Yasore

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai gama ido ba, a ita ce aka ɗora mini neman guzurin wani mutum da za a tura Zariya koyon rubuta littafi. Zamanin Turawa ne, ina malamin ajin manya a Batsari, ina koya wa masu furfura boko a gindin wata tsamiya bayan la'asar. Shekara guda kafin nan ni ma na je Zariyar, na yi wata uku a wani zama da ake koya wa irinmu yadda ake tsara labari don sababbin masu karatu. Malamai da takarda kyauta ne, amma kuɗin mota da abinci da abin da mutum zai bar wa iyalinsa, wannan kowa tasa ta fisshe shi. Da za mu watse sai aka ce kowannenmu ya koma ƙasarsu ya tara abin da zai ishi mutum ɗaya ya zo baɗi. Na ɗaga hannu kafin kowa. A lokacin ina da keke, ina da alƙalami a aljihun gaba, kuma ina ganin daga Batsari har Safana babu wanda ya kai ni wayo.

Wanda na zaɓa wani mutumin Zakka ne da ya haura arba'in, ya yi rabin rayuwarsa yana koren shanu a ƙafa zuwa kudu. Ya koyi boko da girmansa, kafin wata shida ya cika littattafan rubutu biyu da labaran hanya: yadda ake ƙetare kogi da garke, yadda saniya ke sanin wadda za ta faɗi tun kafin makiyayi ya sani. Rubutunsa kamar kaji sun yi tono, amma in ka fara karantawa ba ka iya ajiyewa. Na yarda ya cancanci zuwa, har yau ma ban sauya ba. Ba a kansa kuskurena yake ba.

Ranar da na gaya wa mahaifiyata abin da na sa a gaba, tana kaɗa miya, ba ta ɗago kai ba. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni.

Ta ce, “Kai wannan, ka bi ko'ina, amma ka bar Yasore.”

A Yasore wanta yake, kawuna, manomin da ake misali da shi. Yana da rumbu uku a tsakar gida waɗanda ake hango kansu tun daga hanya. Abin da ta sani ni ban sani ba shi ne, rumbunan nan babu ko zangarniya ɗaya a cikinsu. Shekara biyu yana ciyar da iyalin ƙaninsa da ya rasu a kan nasa, ƙuduji ya cinye masa rabin gona, sannan ruwa ya ɗauke. Abin da ya rage masa duk duniya shi ne iri, dami biyu na geron da zai shuka in damina ta faɗi, suna rataye a madafa inda hayaƙi ke kare su daga ƙwari. Amma duk kaka sai ya yi wa rumbunan sabuwar jinka, ya liƙe bakinsu da laka, don kada ido ya gane. Ba ta gaya mini ba saboda asirin ɗan'uwanta ne. Ni kuma ban tambaya ba saboda na ɗauka tsegumin dangi ne irin na mata.

Na fara da wasiƙu, tunda ni ɗan boko ne. Na rubuta wa masu unguwanni da 'yan kasuwa da duk mai rawani, na ƙawata su da kalmomin da na kwaso a Zariya. Rabin waɗanda na aika wa ni suka kawo wa wasiƙar in karanta musu. Na karanta, suka ce madalla, suka karɓi abarsu suka ninke suka tafi.

Sai na koma bin gidaje. In na yi sallama a shimfiɗa mini buzu, a tambayi gajiya, a tambayi Malam mahaifina, a tambayi almajiransa da zafin bana, kafin in kai ga abin da ya kawo ni rana ta yi tsaka. In na faɗa sai maigida ya dubi ƙasa ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Addu'a kam na tara wadda za ta kai mutum Makka ma ba Zariya ba. Abin hannu kuwa, bayan wata biyu, kaza ɗaya ce da 'yan mudu na dawa.

A cikin wannan yawon na taka maganar mahaifiyata na je Yasore. Kawu ya tarbe ni da fara'a, yana zolayata da Malam Ƙarami kamar yadda ya saba tun ina yaro. Aka kawo fura, na ga ta yi ruwa sosai, na ce a raina rowa ce. Na yi masa bayani tsaf. Ya saurara yana tufkar igiya a cinyarsa, da na gama ya ce, “Aikin kirki ne wanga, ɗana. Bana dai sai haƙuri.” Na fito ina kallon rumbunan nan uku da sabuwar jinkarsu tana ƙyalli, zuciyata na tafasa. Wanda ba dangina ba ya hana ni, na haƙura. Amma kawuna, wanda in akuyarsa na kama na yanka al'ada ba ta ba shi ikon yi mini faɗa ba?

Dabarar da ta fara kamawa ba tawa ba ce, mai koren shanun ne ya kawo ta. Ya ce maimakon in riƙa ba da labarinsa, me zai hana ya zo kasuwar Batsari ya karanta wa mutane da bakinsa? Muka tsaya kusa da kara, inda ake cinikin dabbobi, ya buɗe littafinsa yana bin layi da yatsa. Kafin ya gama shafi biyu Fulani sun kewaye mu, wani dattijo yana cewa wallahi ya san mashigin nan, a nan ya rasa bijiminsa. Ranar muka koma da ƙwaryar man shanu, da dawa, da 'yan kwabbai a hula. Da na tsaya a nan, da yanzu labarin daɗi nake ba ku.

Amma ni darasin da na ɗauka daban ne. Na lura cewa mutumin da ya ba ni rabin goro a zaurensa, shi ne ya zuba mudu biyu da ya ga maƙwabcinsa ya zuba ɗaya. Na ce ashe maganin mutanenmu ido ne. In ido ne kuwa, akwai masu sana'ar tara shi. Na nemi wani sanƙira da ke bin makaɗan kalangu a kasuwa, irin waɗanda in ka ba su su kai ka sama, in ka hana su su tsiraita ka da baki. Muka shirya zai riƙa shelar duk wanda ya bayar, a ba shi nasa rabo daga abin da aka samu.

Da labari ya kai ga mahaifina sai ya kira ni zaure bayan almajirai sun tashi. Mutum ne mai sanyin magana, bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Ya ce, “Abin da anka amsa da kalangu ba sadaka ba ce, ƙwace ne da rana tsaka. Kai ɗan gidan allo ne, ka san haka.”

Na ce, “Malam, ai aikin alheri ne, ba cikina zan sa ba.”

Ya ce, “Ɓarawon da ya yi rabo a masallaci ma haka yake cewa.”

Na gyaɗa kai kamar na ji, na fita na ci gaba da abina. Kasuwa biyu muka yi da sanƙiran, abin da muka samu ya fi na wata uku da na yi ina yawo. Kaina ya ƙara girma. A kasuwa ta uku ya tambaye ni ko akwai wani mai hali da ya noƙe, don kirari kaɗai ba ya tatso mutane, sai sun ga an yi wa wani zambo tukuna. Ban yi dogon tunani ba. Na nuna masa kawuna, yana zaune can gefen 'yan zana da igiyoyinsa a gabansa. Mai rumbu uku yana sayar da igiya a rana, wannan kaɗai ya isa ya tsayar da mai hankali. Ni sai na ga ƙarin shaidar rowa.

Sanƙira bai kama suna ba, ba ya bukata. Ya tsaya nesa kaɗan, makaɗa na biye da shi, ya ɗaga murya.

“Ina mai rumbu uku na yamma da gari? Rumbu sun yi ciki shekara uku ba su haihu ba! Ɗan ƙanwa na yawo rana na dukansa, kawu na tufkar igiya zai ɗaure bakin rumbu! Gara ta ci, ɓera ya ci, ɗan'uwa bai ci ba!”

Kasuwa ta ɗauki dariya. Wasu 'yan Yasore suka juya suna kallonsa, suna murmushi. Kawu bai ɗago ba. Ya gama ƙirga wa wata mata igiyarta, ya naɗe sauran a hankali, ya saɓa a kafaɗa, ya bi ta bayan rumfunan mahauta ya fita. Na ga bayan wuyansa ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na gani da idona, na kawar da kai, don a daidai lokacin mutane sun fara turereniyar zuba hatsi a tabarmarmu.

Kasuwar da ta biyo kawu ya dawo da jaki, wanda daga baya na ji na aro ne. Ya ratso tsakiyar jama'a har gaban tabarma, ya sauke dami biyu na gero da hannunsa. Ban taɓa ganin gero mai kyan wannan ba. Zangarnun dogaye, zaɓaɓɓu, kowace da gashi a jikinta, irin geron gidansu ne da tsuntsu ba ya iya sauka a kai, wanda kakana na wajen uwa ya zo da shi, kuma duk yankin ba mai shuka shi sai su. Sun yi baƙi-baƙi, suna ƙanshin hayaƙi.

Ya ce, “Ga na ɗan ƙanwata. A yi shela.”

Sanƙira ya yi ta zuba masa kirari har muryarsa ta dishe. Ni kuwa na durƙusa na yi godiya, ina jin kamar na ci yaƙi. Kawu ya dafa kaina ya ce Allah ya yi albarka, ya ja jakinsa.

Da kasuwa ta fara watsewa na kai hatsin wurin wani tsohon ma'auni da ke saye a hannunmu. Yana duba dawa yana turawa gefe, har ya zo kan damin nan biyu. Ya tsaya. Ya zaro zangarniya ɗaya ya shinshina, ya murza ƙwayar a tafinsa, sannan ya dube ni.

Ya ce, “Malam, wa ya rasu a Yasore?”

Na ce ba wanda ya rasu, kawuna ne ya ba ni ɗazu.

Ya ce, “Wanga iri ne. Iri ba ya zuwa kasuwa sai mai shi ya mutu, ko zai bar ƙasa. Saura kwana nawa ruwa ya sauka?” Ya mayar da zangarniyar cikin damin ya janye hannunsa. “Ni ba ni sayen shi.”

A nan ne komai ya dawo mini lokaci guda, furar nan mai ruwa, da igiya, da maganar mahaifiyata. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ɗaura damin a keke na turo shi gida a ƙafa.

Mahaifiyata ta gan su tun daga ƙofa, ta gane geron gidan ubanta. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Ta ce, “Na ce ka bar Yasore,” ta shige ɗaki. Na je wurin mahaifina na ce gobe da asuba zan mayar. Ya ce in mayar ta yaya? Kyautar da aka yi shelarta a tsakiyar kasuwa, in ta koma gidan mai ita, shela ta biyu aka yi, cewa ba shi da komai. Ya ce in nemi hanyar da ido ba zai gani ba, in kuma yi sauri.

Ban yi sauri ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Kunyar haɗa ido da kawu ta riƙe ni, na riƙa ce wa kaina ina neman dabara. In aika ta hannun wani, wa zan amince wa? In ce sayen gonar haɗin gwiwa za mu yi, zai gane. A cikin kwanakin nan mai koren shanu ya hau mota zuwa Zariya da guzurinsa cikakke, har da ragowa, ba tare da an taɓa damin nan biyu ba. Wato ko da ban nuna kawu ba, abin zai isa. Na raka shi tasha yana ta yi mini godiya, ina amsawa da baki kawai.

Zafi ya tsananta. Kullum da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi, iska ta kaɗa shi ya watse. Mutane na roƙon ruwa, ni kaɗai a garin nan nake roƙon ya ƙara kwana ɗaya. Damin na jingine a lungun ɗakina, duk lokacin da na shiga ƙanshin hayaƙinsu ya tare ni.

Ranar da ruwan ya sauka, tun azahar ya fara, bai tsaya ba sai da ƙasa ta sha ta ƙoshi. Kafin magariba mahaifiyata ta shigo ɗakina, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na girma, ta kwashi damin. Ita kaɗai ta sussuka, ta sheƙe, ta zuba a buhu ta ɗinke bakinsa, ta ajiye a jikin kekena.

Da hantsi na isa Yasore. Gonaki duk sun cika da mutane, ko'ina ka duba ana shuka, ana ta yi wa juna barka da ruwa. Ina ta addu'a in tarar da kawu a gida, sai na hango shi a gonarsa, da sungumi a hannu, yana tafe yana sara rami a jere. Matarsa na biye da ƙwarya a rufe da faifai, tana sa hannu ta ƙarƙashi, ta zuba a rami, ta take da diddige. Sun kusa cin rabin gonar. Wani sanyi ya ratsa ni, na ce Alhamdulillahi, ashe ya samu iri a wani wuri.

Na jingine keken a gindin gawo, na durƙusa na gaishe su. Kawu ya amsa kamar ba abin da ya taɓa faruwa, ya tambayi Malam, ya tambayi ƙanwarsa. Na miƙa hannu zan karɓi ƙwaryar daga matarsa, tunda bai dace tana aiki ina tsaye ba. Ta riƙe. Na ɗauka kara ce, na ja da ɗan ƙarfi, faifan ya zame. Ƙaiƙayi ne a ciki, an gauraya da yashi don ya yi nauyi a hannu.

Ta yi maza ta mayar da faifan. A gonar dama wani maƙwabci ya ɗago ya ce sannunku da aiki, kawu ya ɗaga masa hannu ya ce sannu kadai.

Na rage murya na ce, “Kawu, ga irinka can a buhu, ba a taɓa ko ƙwaya ba. Don girman Allah ka yafe mini ka karɓa.”

Ya dubi keken, ya dube ni. Ya ce, “In geron nan ya hito a gonata, wane makaho ne ba ya gane shi? A ce ɗan ƙanwatai ya maido mishi sadaka don ya ga ba shi da abin shuka.”

Na ce to zan koma Batsari in sayo wani, kowane iri ne.

Ya ce, “Tun daga bakin gari anka ga buhu bayan kekenka. Da shi za ka koma, a ɗinke, su gani.”

Na ce, “Kawu, in ba abin da ya tsiro fa? Me za ku ci?”

Ya ce, “Sai a ce zabbi sun tone, ko tsutsa ta ci. Wanga daga Allah ne, ba a yi ma mutum dariya kanshi.” Ya gyara riƙon sungumin. “Ana kallonmu, Malam Ƙarami. Ka zuba, ko ka ba ta ƙwaryarta.”

Ban ba ta ba. Ya juya ya ci gaba da sara, na bi bayansa, ina sa hannu ƙarƙashin faifai ina ɗebo ƙaiƙayi, in zuba, in take da diddige. Ƙasar ta yi laushi, ramukansa a miƙe suke, tazararsu daidai, don kawuna gwanin shuka ne. Haka muka yi layi bayan layi har muka kai ƙarshen gonar, maƙwabta na ta sa mini albarka, suna cewa ga ɗan bokon da bai manta da kawunsa ba.